Ba Sha Nake Yi Ba, Takardun Nake Tarawa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu in wanke kaina daga wani zargi, in kuma amayar da wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Zargin daga gida ya fito. A watan jiya ɗan ƙanwata da ke karatu a nan Amurka ya zo hutu wurina a Filadelfiya. Garin neman bargo a kabad ya ci karo da akwatunan takarduna, ya buɗe ya ga hotunan kwalabe da kofuna iri-iri, bai tsaya tambayata ba ya ɗauka a waya ya tura gida. Ban idar da sallar asuba ba sai ga kiran Yayana daga Zariya. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Ashe abin da ya zaunar da kai a can ke nan?" Na ce, "Yaya, wallahi ko ɗigo bai taɓa shiga bakina ba." Ya ce, "To me hoton kwalba yake yi a ɗakin mutumin da ya je Makka?" A waya ba a ƙarasa magana da Yaya, kana ɗauko ta zai karɓe. Amma na san ba ya fashin karanta jaridarku, kuma takarda ba ya iya katse ta. Shi ya sa na biyo ta nan.

Ni ma'aikacin maɗaba'a ne. A Zariya na koyi aikin a farkon shekarun 1980, lokacin da ake tsintar haruffan dalma ɗaya-ɗaya ana jerawa da hannu a juye, in ka yi kuskure maigida ya buge maka yatsu da rula. Na zo Amurka a 1998, na samu aiki a wata ƙaramar maɗaba'a a kudancin birnin nan, ta wani dattijo ɗan asalin Italiya da ya gaje ta wurin mahaifinsa. A 2009 kasuwa ta ƙi, ya ce zai rufe. Aikina na ƙarshe shi ne kwashe ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Al'adar masu ɗab'i ce a ajiye samfuri ɗaya na duk aikin da aka buga, kuma su sun yi fiye da shekara saba'in suna ajiyewa. Dattijon ya nuna mini katuwar motar shara a bakin ƙofa ya ce in zuba duka.

Na zuba da yawa, Allah ya gani, har yau ina takaici. Abin da ya tsayar da hannuna wani ɗan littafi ne da bai wuce tafin hannu ba, an yanka shi da siffar kwalba, shafi goma sha shida, bangonsa da launi huɗu. Na kai shi bakin taga na duba gefen kowane launi, babu inda ja ya hau kan baƙi ko da faɗin gashi. Na shafa bayan takardar na ji cizon harafi. Wanda bai taɓa kwana a gaban inji yana neman launi biyu su zauna daidai ba, ba zai san abin da na ji ba. Sai daga baya ma na karanta abin da ke ciki, na ga littafin haɗa barasa ne, na rabawa kyauta a kantin giya. Ranar na koma gida da kwali biyu. Yau sun zama akwati tara.

Turawa suna da abin da suke kira koktel, wato a ɗauki barasa mai ƙarfi a gauraya ta da sukari, ko ruwan lemo, ko wani abu mai ɗaci, a zuba ƙanƙara. Wata jarida a garin Hudson ta jihar New York ta bayyana ma'anar kalmar tun a 1806, kuma a 1862 wani mai hidima a mashaya, Jerry Thomas, ya fitar da littafin farko na irin haɗe-haɗen nan a Amurka. Irin waɗannan manyan littattafai masu kuɗi ke farautarsu, bugun farko yakan kai dubban daloli a gwanjo. Ni ba nan nake ba. Nawa na talakawa ne: ƙasidun da ake rataya wa kwalba a wuya, takardun farashi, kalandar kanti, kwalin ashana, takardar tsotse tawada mai sunan shago, katin gaisuwar Kirsimeti da mai kanti ke aika wa abokan ciniki. Abubuwan da aka buga don a karanta yau a jefar gobe. Mafi yawansu dala biyu zuwa goma na saya.

Ba zan kawo haɗi ko ɗaya a nan ba, kada Yaya ya samu hujja. Abin da nake so a gani shi ne dalilin da ya sa takardun nan suka yi yawa kamar farin ɗango.

Amurka ta taɓa haramta giya. Daga 17 ga Janairu 1920 doka ta hana sarrafa ta da sayar da ita da safararta a duk ƙasar, kuma a cikin kundin tsarin mulki aka rubuta hanin. Shekara goma sha uku ana haka, sai ranar 5 ga Disamba 1933 aka soke. Da aka buɗe, kamfanoni suka tarar da matsaloli. Samarin da suka taso a tsakani ba su san komai ba sai gurɓatacciyar da ake sha a ɓoye. Ƙwararrun masu haɗawa sun watse, wasu sun tafi Landan, wasu Faris, wasu Habana. Tsohuwar wuski da ta daɗe a ganga ta yi ƙaranci, abin da ke hannu ɗanye ne mai ƙuna a maƙogwaro, sai an lulluɓe shi da zaƙi. Mashaya irin ta da kuma sunanta ya ɓaci, ita ce aka yi shekaru ana zagi a coci-coci. To ina za a kai kayan? Sai aka nufi falon gida.

Ga kuma wani abu da mutane da yawa ba su sani ba. Don kada su sake tsokano fushin jama'a, masu barasa mai ƙarfi sun yarda a junansu ba za su yi talla a rediyo ba tun daga 1936, suka haɗa da talabijin a 1948, kuma ba su warware wannan alkawari ba sai 1996. Shekara sittin ke nan takarda ce babbar hanyarsu. Kuɗin da za a kai gidan rediyo, maɗaba'a aka kai. Shi ya sa aikin ya yi kyau haka. An biya masu zane na ƙwarai, an sayi takarda mai nauyi, ba a yi ƙwauron tawada ba.

In ka jera littattafan nan a tabarma ka karanta su bi da bi, za ka ga ba talla kaɗai ba ne, makaranta ce. Ba sa ce maka "sayi kaza." Ce maka suke yi ga yadda mutumin kirki yake karɓar baƙi. Ga irin kofin da ya dace da yamma, ga na bayan cin abinci. Ga ɗan abin taɓawa da uwargida za ta soya. Ga maganar da maigida zai faɗa in ya ɗaga kofi, ga wasan da za a yi in hira ta mutu, wani ma har da waƙoƙi a shafin baya. Akwai guda da nake da shi da ya lissafa kwalabe nawa sababbin ma'aurata ke buƙata a gida kafin a ce sun kimtsa, kamar yadda ake lissafa kayan ɗakin amarya a wurinmu. Mai karatu ya gama yana jin cewa in babu waɗannan, gidansa bai cika gida ba. Sannan a kowane haɗi, inda ya kamata a rubuta nau'in barasar kawai, kamar jin ko ram, sai a sa sunan kamfanin da ya buga littafin. Har kotu aka je kan haka: a 1936 wata kotu a New York ta yanke cewa duk haɗin da aka kira da sunan Bacardi dole a zuba barasar kamfanin Bacardi a ciki.

Mata kuwa labarinsu daban. Ƙungiyar masu barasa ta hana a sa hoton mace a tallansu na jaridu da mujallu har zuwa 1958. Amma a rubuce, da yawa daga cikin ƙasidun da mace suke magana, domin ita ke cefane, ita ke shirya tebur. Bayan 1958 sai ka ga kamar an fasa dam, kowane shafi mace tana murmushi da kofi a hannu. Wani kamfani mai suna Southern Comfort har ɗinke ƙasidunsa yake yi a tsakiyar mujallu, mai karatu ya ɓalle ya ajiye a kicin. Su suka fi yawa a kasuwar tsofaffin takardu, ba wanda ke kula su, sau da yawa gyara ake ba ni su.

A cikin akwati tara, Malam Edita, babu hoton mashayi ɗaya da ya bugu. Babu wanda ya faɗi a kwata, babu mota a kife, babu matar da ta kwana da kumburarren ido. Kowa sanye da kwat, kowa haƙora fari. In kana neman wancan ɓangaren sai ka buɗe akwati na goma, wanda ɗan ƙanwata bai kai gare shi ba saboda gaggawar tura hoto. A ciki na tara takardun masu yaƙi da giya. Akwai katunan alkawari da yara ke sa hannu a coci cewa ba za su taɓa sha ba, akwai ƙasidu masu zanen hanta lafiyayya kusa da ta mashayi. Wata ƙungiyar yaƙi da mashaya da aka kafa a Ohio a 1893 ta gina maɗaba'arta a wani ƙaramin gari, Westerville, tana fitar da takardu tan-tan zuwa duk faɗin ƙasar. Da takarda aka yi yaƙin haramtawa, da takarda aka dawo da sha. Abin da ya ba ni dariya ya kuma ba ni tsoro, a ɗakin ƙasan nan na samu takardar taron masu wa'azin barin giya da takardar farashin wani kantin giya a ambulan ɗaya, da harafi iri ɗaya aka jera su. Inji ba ya tambaya.

Mai injin ne ake tambaya. Na san hadisin da aka la'anci mutum goma a kan giya, har da mai ɗaukar ta da wanda aka kai wa da mai cin kuɗinta. Tun watan farko da na kama aiki na gaya wa dattijon nan cewa in aikin kantin giya ya zo, ya ba abokin aikina, ni in karɓi na jana'iza da na zaɓe. Ya kalle ni ya ɗaga kafaɗa, ya ce ai na jana'iza ba ya yankewa. Haka muka yi shekara goma sha ɗaya.

Takardun da na fi so su ne na lokacin hanin kansa. Ina da takardar likita guda biyu, bugun gwamnati, masu lamba kamar takardar kuɗi. Doka ta bar wa likita ƙofa ya rubuta wa majiyyaci wuski a matsayin magani, kusan rabin lita duk kwana goma, a je kantin magani a karɓa. Kamfanoni shida aka ba lasisin sayar da wannan "magani", kuma ba sai an faɗa ba, rashin lafiya ya yawaita a ƙasar. Duk wanda ya ga yadda samarinmu suka kamu da tari gaba ɗaya kafin gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018, ya san irin wannan ciwo. Akwai kuma masu gonar inabi da suka riƙa matse 'ya'yan suna busarwa kamar tubali, su manna takardar gargaɗi cewa kada a kuskura a jiƙa shi a tulu a ajiye 'yan makonni, domin zai zama giya. Ka ji gargaɗi. Takardar jikin tubalin nan na daɗe ina nema, sau ɗaya na gan ta a teburin wani dillali, kuɗin ya fi ƙarfina.

Jihar da nake zaune, Pennsylvania, tana da nata salon. Gwamnan da ke kan mulki lokacin da aka soke hanin, Gifford Pinchot, maƙiyin giya ne, sai ya shirya dokar yadda gwamnati kaɗai za ta sayar da barasa mai ƙarfi, da nufin saye ya yi wuya ya yi tsada. Har yau kantunan barasa a jihar nan na gwamnati ne. A da ko kwalbar ba ka gani a fili. Sai ka duba takardar farashi, ka faɗi lambar abin da kake so, ma'aikaci ya shiga ciki ya ɗauko ya naɗe. Ina da irin takardun farashin nan na shekaru daban-daban, ba hoto ba ado, kamar jerin sunayen masu biyan haraji. Harajin ma yana ciki. A 1936 ambaliya ta ci garin Johnstown, aka ɗora wa barasa harajin wucin gadi na kashi 10 cikin ɗari don a gyara garin. An daɗe da gyara shi, harajin bai tafi ba, ƙaruwa ma ya yi zuwa kashi 18, kuma ana karɓarsa har gobe. Na san masu karatu a gida za su ce ashe ba mu kaɗai ba ne.

Saboda wannan tsari, kantunan 'yan kasuwa da maɗaba'armu ta yi wa aiki suna wajen jihar ne, a New Jersey da ke ƙetaren kogi da kuma Delaware. Takardunsu su ne masu ihu, jajayen haruffa manya, an rage kaza, an karya farashin kaza, har da taswirar yadda za ka hau gada ka same su.

Masu wannan sha'awa muna haɗuwa a kasuwar tsofaffin takardu ta Allentown, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci daga nan. Rumfa ce babba, tebur bayan tebur, ba komai sai takarda. Yawancinsu tsofaffin Turawa ne masu tabarau a wuya, ni kaɗai ne mai hular zanna, har sun saba. Wahalar ƙasidun nan ita ce ba a cika sa musu shekara ba, don kada su tsufa a kanti, sai mutum ya koyi karanta sawu. In ka ga adireshi da lamba ɗaya ko biyu bayan sunan gari, daga 1943 ne zuwa sama. In lamba biyar ce, ba zai riga 1963 ba, shekarar da gidan waya ya fito da tsarin. In hoton kwalbar ya nuna rubutun da aka zana a jikin gilashi cewa dokar tarayya ta hana sake amfani da ita, to tsakanin 1935 ne da 1964. In ka ga mililita 750 maimakon tsohon ma'auni na kashi ɗaya cikin biyar na galan, ka iso wajejen 1980. Gargaɗin gwamnati ga masu juna biyu da masu tuƙi bai hau kwalba ba sai 1989. Wani dillali ya taɓa rantse mini cewa ƙasidarsa ta 1934 ce, yana neman dala arba'in. Na juya bayanta na ɗora yatsa a kan lamba biyar ɗin, ban ce komai ba. A dala shida muka rabu.

Da ka saba, launi ma yana gaya maka shekara. Na shekarun 1930 baƙi ne da azurfa da ja, da dogayen haruffa sirara. Na shekarun 1970 ruwan ƙasa ne da ruwan goro, ga bodka ta mamaye ko'ina, abin da kafin yaƙin duniya na biyu ba kowane Ba'amurke ya san ta ba. Da ƙasida da tallan mujalla aka koya wa ƙasa guda shan abin da kakanninta ba su sani ba.

Akwai abin da ni nake gani wanda abokan cinikina Turawa sukan wuce. A na farko-farko, baƙin mutum in ya fito, farar riga ce a jikinsa da tire a hannu, yana yi wa wani hidima yana washe baki. Alhali tun 1917 wani baƙar fata, Tom Bullock, haifaffen Louisville, ya wallafa nasa littafin a kan sana'ar, shi ne na farko a cikinsu. Daga shekarun 1960 sai hoton ya juya. Ga baƙin mutum da kwat, ga matarsa da gashi a kumbure, shi ake miƙa wa kofi. Wani zai ce ci gaba ne. Ni abin da na gani, an gane cewa akwai kuɗi a unguwanninsu, kuma da ɗan gari akan ci gari. Ina bin unguwannin nan kullum a hanyar masallaci, na ga inda ƙarshen hoton yake zaune a bakin titi da kwalba a cikin ƙunshin takarda.

Ban tara waɗannan ba sai da na kai wa limaminmu, wani dattijo mutumin Gine. Na ɗauki guda biyar na nuna masa, ya jujjuya su ya tambaye ni me nake yi da su. Na faɗa masa. Ya ce kada in rataye su inda za su burge wani, kada in kwafe wa kowa abin da ke ciki, kuma in kiyaye zuciyata. Ni na ƙara wa kaina sharaɗi ɗaya, ba na sayarwa, don kada in ci ribarsu. Yaya kuwa, ina tuna maka da girmamawa cewa a zauren da ka yi karatu an biya maka waƙoƙin mawaƙan jahiliyya shida, kuma Ɗarafa da Antara ba su ɓoye shan giyarsu a baitocinsu ba. Malamai suka kwafe da hannu, suka yi sharhi, suka karantar, saboda Larabcin da ke ciki da sanin yadda mutanen suka rayu. Ba wanda ya ce malamin zaure mashayi ne. Ni ban kai su ba ko kusa, amma ƙofar da suka shiga ita na bi.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna. Arewa ta riga Amurka sanin dokar hana barasa a takarda. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta tanadi yankunan Afirka da ba za a shigar da barasa mai ƙarfi ba, kuma gwamnatin Lugga ta sa Arewa a ciki, a daidai lokacin da jin ɗin Holan da Jamus ke kwarara a Kudu cikin korayen kwalabe masu kusurwa huɗu, har ana ciniki da su kamar kuɗi, harajinsu kuma yana ɗauke da kaso mai tsoka na kuɗin shigar gwamnati. Daga baya aka fara yin giyar Star a Legas a 1949, Guinness ta buɗe masana'anta a Ikeja a farkon shekarun 1960, aka buɗe ta giya a Kaduna a 1963. Duk wanda ya taso kusa da wata Sabon Gari ya tuna allunan kwano a bakin shaguna, da kalandu, da tire mai tambari. Taba sigari ma ta fi shiga cikinmu, tunda a Zariya ake yin ta, da Hausa kuma aka yi tallarta. Duk lokacin da na zo gida ina tambaya a wurin masu tsofaffin littattafai da tsofaffin abokan aiki ko akwai mai takarda ɗaya ta irin wannan talla. Ban taɓa samu ba. Kullum muna cewa zamani ne ya lalata yara, kamar zamani iska ce da ke tasowa daga daji. Akwai wanda ya zauna ya zana, akwai wanda ya zaɓi kalmar Hausar da za ta shiga kunne, akwai irina da ya jera haruffan. Shaidar duk ta tafi.

Ba ta giya da taba kaɗai ba. Takardun jam'iyyun NEPU da NPC da aka riƙa rabawa a kasuwa, fastocin silima, tambarin da ake manna wa bandir ɗin yadin masaƙun Kaduna, rasiɗin kantin John Holt, katin ɗaurin aure, jadawalin azumi mai sunan attajirin da ya biya kuɗin bugawa, tallan keke da sabulu da maganin ciwon kai. Rumbun adana takardu na ƙasa da ke Kaduna da Gidan Arewa suna riƙe da fayilolin hukuma da rubuce-rubucen malamai, madalla. Amma takardar kan titi, wadda ke nuna nawa ake sayar da gishiri da irin Hausar da ake yi wa talaka magana da ita, makomarta hannun mai ƙosai da mai tsire. A Ingila wani mai kula da maɗaba'ar Jami'ar Oxford, John Johnson, ya yi shekaru yana tsince irin wannan tarkace, yau sashe guda ne a babban ɗakin karatun jami'ar da sunansa. A nan Amurka wani dillali, Isadore Warshaw, ya tara nasa, gidan tarihi na Smithsonian ya saye a 1967, masu bincike na zuwa daga ko'ina. Ni na yi shekara goma sha biyar ina bugawa a Zariya, dubban takardu sun bi ta hannuna, ba ni da ko ɗaya. Ina zaune da akwati goma na tarihin wasu.

Don haka roƙona ga masu karatu, wanda duk ke da tsohuwar kalanda ko takardar talla ta Hausa, boko ko ajami, a cikin adaka ko bayan madubi ko ƙarƙashin katifa, ya dakata kafin ya ba yara su hura wuta. A cire ƙarfen da aka ɗinke ta da shi in ya fara tsatsa, domin yana cin takarda. Kada a manna mata salatif, kada a kai a rufe ta da roba mai zafi irin ta katin shaida, wannan kashe ta ne. A sa ta a miƙe tsakanin fararen takardu biyu, a ɗaga daga ƙasa saboda laima da gara, a ɗauki hotonta gaba da baya. Jaridarku ma, Malam Edita, da za ta ware ɗan lungu duk mako ta buga guda ɗaya da aka aiko, da an ga abin mamaki.

Bayan wayar nan da kwana uku na sake kiran Yaya, na tarar ya ɗan huce. Na tambaye shi kalandar nan da ke rataye a zauren Baba muna yara, mai hoton dalar gyaɗa, wadda Baba ya ƙi saukewa shekara da shekaru saboda a bayanta ya rubuta ranakun haihuwarmu. Ya ce tana cikin adaka, zai duba. Jiya ya kira. Ya ce gara ta shiga adakar, abin da ya rage sai ƙarfen sama da igiyar ratayewa. Na ce ya ajiye mini su haka nan, ina tafe da babbar salla.

Na gode da fili. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naka,
Tsohon ma'aikacin maɗaba'a daga Tudun Wadan Zariya,
mazaunin Filadelfiya, Amurka.